Ya Kai Ƙara, Yanzu Ajinsu Na Ce Masa Munafuki

Assalamu alaikum Anti. Ɗana na fari shekararsa 9, yana aji huɗu a firamare. A ajinsu akwai wani yaro da ya girme su, shi da abokansa biyu suna ƙwace wa ƙanana kuɗin tara, kuma sun sa wani yaro mai in'ina a gaba, kullum sai sun kwaikwaye shi har ya yi kuka. Ɗana ya je ya faɗa wa malamin aji. Malam ya fito da su ya zane su, kuma ya nuna wanda ya faɗa masa. Da aka tashi suka tare shi a hanya suka yaga masa riga. Yanzu sunansa a aji "munafuki", kuma kowace safiya sai ya ce cikinsa na ciwo. Babansa ya ce namiji ne, ya rama, in ya ƙara dawowa da kuka shi ma zai ƙara masa. Kakarsa ta ce ya yi haƙuri, ya daina shiga abin da ba ruwansa. Abin da ya fi tayar min da hankali, shekaranjiya na ji shi yana kwaikwayon in'inar yaron nan yana ba ƙannensa dariya. Me zan koya masa?

Wata uwa daga Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya raya mana su, Ya shirya su.

Kafin a zo ga abin da za ki koya masa, akwai bashin da yaron nan yake bin ku a gida. Na karanta wasiƙarki sau biyu ina neman inda wani ya ce masa "ka kyauta", ban gani ba. Ya ga ana cutar wanda ba shi da bakin kare kansa, ransa bai yarda ba, ya yi abin da manya da yawa ba sa iya yi. Me ya samu? Yagaggiyar riga, mugun suna, barazanar duka daga babansa, da faɗa daga kakarsa. Yaro ɗan shekara 9 ya iya lissafi. Ya tara waɗannan ya ga cewa gefen masu dariya ya fi lafiya, shi ya sa kika ji shi yana gwada bakinsa da kwaikwayon nan. Ba lalacewa ya yi ba. Yana neman inda zai tsaya a daina dukansa ne.

Don haka yau da daddare, ki kira shi ku biyu kaɗai, ba a gaban ƙannensa ba. Ki ce masa: "Abin da ka yi ranar nan da ka faɗa wa malam daidai ne, kuma na ji daɗin da kai ne ɗana. Kuskuren da aka yi bayan nan ba naka ba ne." Ki tsaya a nan. Kada ki biyo shi da "amma". Duk wata nasiha ta jira gobe.

Ciwon cikin nan kuma kada ki ce masa ƙarya yake yi. Tsoro yana sauka a cikin yaro, ciwon na gaske ne. Ki lura, in yana tashi garau ranar Asabar da Lahadi, kin san daga ina yake zuwa. In kuwa da zazzaɓi ko amai ko rama, a kai shi asibiti.

Sai maganar babansa da kakarsa. Ba zan ce miki ɗayansu ba ya ƙaunarsa ba. Baban yana tsoron ya tashi rago, kowa ya taka shi. Kakar tana tsoron wata rana a dawo mata da shi da fasasshen kai. Duka tsoron biyu suna da tushe, kuma Alƙur'ani ya haɗa su wuri ɗaya a Suratus Shura, aya ta 39 zuwa ta 43: ya yabi waɗanda in zalunci ya same su suke kare kansu, ya ce sakamakon cuta cuta ce kamarta, sannan ya ce wanda ya yafe ya gyara ladansa yana wurin Allah. To amma wa zai auna wa yaro "kamarta"? Yaron da aka tura ya rama ba ya tafiya da ma'auni, da dutse yake tafiya, ko tsinken kwamfas ɗin lissafi. Kuma su uku ne, sun girme shi. In ya sha kaye, an ƙara masa kunya a kan kunya. In ya yi nasara, ya koyi cewa mai ƙarfin hannu shi ne mai gaskiya, wanda shi ne ainihin karatun da wancan babban yaron yake bi.

Akwai bambanci tsakanin kare kai da ramuwa, kuma yaro yana iya gane shi in an bayyana masa. In an riƙe shi, ya fizge. In an kawo duka, ya tare, ya ture, ya ɗaga murya, ya nufi inda mutane suke, ko shagon mai shayi ne ko bakin masallaci. Wannan haƙƙinsa ne, kuma ki gaya masa ba za ki taɓa yi masa faɗa a kansa ba. Ramuwa ita ce ya kwana da abin a ransa, gobe ya je ya laɓe ya jira. Wannan ita ce ba a so.

Kalmar da ta fi ba ni tsoro a wasiƙarki ita ce "in ya ƙara dawowa da kuka zan ƙara masa". Na san iyaye maza da yawa an faɗa musu haka suna yara, kuma suna ganin ita ta mayar da su maza. Amma abin da yaro yake ji a cikinta shi ne: in an cuce ka, ka ɓoye mana. Yau riga ce aka yaga. Nan da shekara uku yana iya kasancewa a makarantar kwana a hannun siniyoyi, ko wani babba ya taɓa shi inda bai kamata ba ya ce in ya faɗa zai kashe shi. Ranar nan za ku so a ce ƙofar gidanku ita ce ta farko da zai ƙwanƙwasa, kuma yanzu ake buɗe ta ko a rufe. Ki sami maigidan bayan isha'i, in ya ci abinci ya huta, ba a gaban yaron ba. Kada ki ce masa ya yi kuskure. Ki ce kina so shi ya koya wa ɗansa tsayuwar maza, don ke ba za ki iya ba: yadda ake kallon mutum ido da ido, yadda ake cewa "bari" da murya mai nauyi. Ki roƙe shi ya raka shi makaranta da kansa na mako ɗaya. Yaran da suka ga uba a bakin get sun san wannan yaron yana da gata, kuma hakan kaɗai yakan rage fitinar.

Ita kuwa Hajiya kakarsa, maganarta tana da gurbi, sai dai ba a nan ba. Akwai abubuwa da yawa a aji da gaske ba ruwansa da su, kuma yana da kyau ya san su. Wani yana cin gyaɗa a ɓoye malam na darasi, wani bai yi aikin gida ba, wani ya zo da silifas maimakon sandal. Waɗannan tsakaninsu da malam ne. Yaron da yake ɗaga hannu a kan kowane ƙaramin abu, "Malam ka ga wane", yana gajiyar da malam, yana rasa abokai, kuma ranar da ya zo da babbar magana ba mai saurarensa. In abokinsa ne, ya raɗa masa a kunne, ya wadatar.

Amma da zarar abin ya taɓa jikin wani, ko kayansa, ko mutuncinsa, to ruwansa ne. Akwai kuma waɗanda ba a ma tsayawa tunani a kansu: jini, reza ko wuƙa a jaka, ƙwaya ko wani abin sha da ake yawo da shi a ɓoye, waya mai hotunan banza, taɓa al'aura, da duk abin da aka ce masa "in ka faɗa za ka gani". Waɗannan kai tsaye wurin babba, in na farko bai ɗauka da muhimmanci ba ya je wurin na biyu, kuma ko me ya faru ke sai kin ji a ranar. Ki ba shi tambaya ɗaya da zai riƙa yi wa kansa kafin ya buɗe baki: "Don a ceci wani zan faɗa, ko don a daki wani?" Yara suna kama wannan da wuri fiye da yadda muke zato.

Sunan da suka laƙaba masa shi ya fi yagar rigar ciwo, na sani. A bakin yaranmu duk wanda ya kai ƙara munafuki ne, kuma da wannan kalmar azzalumai ƙanana da manya suke rufe bakin mutane. Ki kwance masa ita da abin da yake karantawa a Islamiyya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce alamun munafuki uku ne: in ya yi magana ya yi ƙarya, in ya yi alƙawari ya saɓa, in an amince masa ya ci amana. Ki tambaye shi, a cikin ukun nan wanne ka yi? Ki bar shi ya amsa da kansa. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya ware babi guda a kan wuraren da ambaton laifin mutum ba ya zama gulma, na farkonsu kai kukan zalunci wurin mai ikon hanawa, na biyu neman taimako don a kawar da ɓarna. Sannan ga hadisin da ke cikin Bukhari, ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, da aka tambaya yaya ake taimakon azzalumi aka ce ka hana shi zaluncin. Ke nan ɗanki har wa babban yaron ya yi alheri, ko da bai gode ba.

Sanin wannan a zuciya abu ɗaya ne, samun abin faɗa a tsakiyar fili yara sun zagaye ka wani abu ne daban. A nan ne mu iyaye muke gazawa. Muna cewa "ka zama yaron kirki", ba ma ba su kalmomin. Yaro in ya tsorata kansa kullewa yake yi, abin da bakinsa ya saba da shi kaɗai ke fitowa. Don haka ku yi gwaji a gida, a kan tabarma, kamar wasa. Ke ki zama babban yaron, ki ce masa "munafuki". Shi kuma ya miƙe tsaye, kafaɗa a buɗe, ya dube ki ya ce "Ni ban yi ƙarya ba", ya juya ya tafi. Sau ɗaya, ba musu, ba zagi, ba kuka a gabansu. Ki miƙa hannu ki ce "kawo kuɗin", ya ce "Ba zan bayar ba" da ƙarfin da na nesa zai ji, yana tafiya wajen ofishin malamai. In ana tsokanar wani: "Ku ƙyale shi", ko ya kama hannun yaron kawai ya ce "Zo mu tafi". Da farko zai yi dariya, muryarsa za ta yi rawa. Ku maimaita kullum minti biyar har ta zauna. Babansa ya fi ki dacewa da wannan wasan in ya yarda. Sai dai ki ƙara masa da cewa in su uku suka tare shi a lungu ba kowa, ya ba su kuɗin ya tsira da jikinsa, ya zo ya faɗa. Naira ɗari ba ta kai haƙori ba.

Na koyar a firamare shekaru masu yawa, kuma abin da na gani shi ne mai cin zali ba ya aiki sai da 'yan kallo. Dariyar aji ita ce ladansa. In ya kwaikwayi mai in'ina aka yi tsit, gobe ba zai sake ba, don ba riba. Masu bincike sun ɗauki hoton bidiyo na filin wasa a wasu makarantun firamare na birnin Toronto a Kanada, suka wallafa a 2001 cewa idan wani yaro ya sa baki, a kashi 57 cikin 100 na lokutan cin zalin yana tsayawa cikin daƙiƙa goma. Ban yi mamaki ba da na karanta, don na sha gani da idona. Saboda haka mataki na farko da kowane yaro zai iya, ko mai tsoro ne, shi ne ya hana su dariyarsa. Na biyu, kada ya tsaya shi kaɗai. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A ajin nan akwai yaran da aka ƙwace wa kuɗi, akwai waɗanda abin yake damunsu suna shiru. Ki tambaye shi su wa ne, ki nemi iyayen biyu ko uku daga cikinsu, yaran su riƙa fita tara tare, su dawo gida tare.

Yanzu makaranta. Abin da malamin ya yi kuskure ne, kuma na san shi daga ciki, don na taɓa yin irinsa. Ina sabuwar malama, ajina ya haura yara tamanin, na naɗa wata yarinya mai natsuwa monita, na ce ta riƙa rubuta min sunayen masu surutu in na fita. Ina dawowa in karɓi takarda in yi hukunci. Sai da uwarta ta zo na san cewa kullum sai an jefe ta a hanya, kuma ba mai zama kusa da ita. Na ɗora wa ƙaramar yarinya kayan da nawa ne, ta biya da ƙawayenta. Har yau in na tuna fuskarta raina yana ɓaci. Malamin ɗanki mai yiwuwa ya ɗauka yabonsa yake yi da ya nuna shi. Ki je masa da wannan kyakkyawan zaton, za ki fi samun abin da kike so.

Ku je ke da babansa, ko shi kaɗai in haka ya fi sauƙi, a lokacin da malam ba ya cikin aji. Ku tafi da takarda mai ɗauke da abin da ya faru da ranakun da ya faru, ku tafi da rigar. Kada ku nemi a sake dukan yaran, bulalar farko ita ta jawo abin da aka yi masa a hanya. Ku nemi abubuwan da za a iya yi: malam ya faɗa wa aji da bakinsa cewa kai ƙarar cuta ba munafurci ba ne kuma daga yau ba zai ƙara bayyana mai faɗa ba, a raba wa ukun nan wurin zama, a sa wani malami ya riƙa zagayawa lokacin tara, a kira iyayensu, a riƙe su minti goma bayan tashi har ƙanana su yi nisa. Ku ce za ku dawo bayan mako biyu ku ji inda aka kwana, kuma ku dawo ɗin. In ba a ga canji ba, sai hedimasta, sai ƙungiyar iyaye da malamai. In makarantar gwamnati ce akwai kwamitin kula da makaranta na unguwa, a samansa akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Canza makaranta shi ne na ƙarshe, amma in ya zama dole ba gazawa ba ce.

Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki tare babban yaron nan da kanki a bakin get, kada kuma ki yi sallama gidansu da zafi. Yara su shirya gobe, manya su shekara suna gaba. Kuma a gaban ɗanki kada ki kira shi ɗan iska ko ki zagi iyayensa. Yaron da ya girmi ajinsa, yake ƙwace kuɗin tara, sau da yawa da yunwa yake fitowa, ko shi ma akwai mai dukansa a gida. Wannan ba uzuri ba ne, dole a hana shi. Amma ɗanki ya koyi ƙin aikin ba tare da ya tsani mai aikin ba, ku ma sa shi a addu'a tare.

Kwaikwayon in'inar na bari ƙarshe don ina so ki taɓa shi da hannu mai laushi, kuma bayan kin biya bashin da na ambata da farko. Kada ki kunyata shi. Ki ce kin ji, ki tambaye shi yadda yake gani yaron zai ji da yana tsaye a bakin ƙofa. Ki karanta masa aya ta 11 ta Suratul Hujurat, wadda ta hana izgili da jifan juna da miyagun sunaye. Zai gane ta da kyau yanzu, don shi ma an jefe shi da suna. Sannan ki ba shi labarin Annabi Musa, alaihis salam, wanda a Suratu Ɗaha ya roƙi Allah Ya warware masa ƙullin da ke harshensa don a fahimci maganarsa, kuma shi ne Allah Ya aika wurin Fir'auna. Ƙannensa da suka yi dariya su ma su zauna su ji.

Daga nan ki ƙara masa abin tara na kwana biyu, ko ƙosai ne ko biskit, ki ce rabin na yaron nan mai in'ina ne. Ki gaya masa in yaron yana magana ya jira shi ya gama, kada ya ƙarasa masa kalma. A yanzu haka a ajin nan yara biyu ne ba su da abokin zama, shi da wancan, kuma benci ɗaya zai ɗauke su.

In ya dawo daga makaranta, ki daina tambayar "yaya makaranta?", don "lafiya lau" za ki ji ko da wuta ake yi. Ki tambaye shi da wa ya ci tara yau, wa ya yi kuka a aji, da wa suka biyo hanya. Ki yi tambayar hannunki na kan aiki, kina tsince shinkafa ko kina ninke kaya, yara sun fi sakin baki in ba a tsare su da ido ba. Duk abin da ya faɗa, ki riƙe fuskarki, kada ki zabura, don in ya ga maganarsa tana tayar da ke zai fara tace ta. Bayan mako biyu ki sake rubuto min, ina so in ji ko ciwon cikin ya tafi.